RA'AYINMU: KADA A FAKE DA ƘADDARA A BAR BIRKI BA GYARA

 

A fitowarmu ta wannan wata mun ga ya wajaba mu yi magana a kan wani al'amari wanda ya daɗe yana cin rayukan 'yan uwanmu, alhali kuwa ba kasafai ake jin an ɗauko shi a kan mumbari ko a zauren karatu ba, watau yadda muke hawan babur, da yadda muke kula da lafiyarsa, da yadda muke barin 'ya'yanmu su hau shi.

Babu wata na'ura da ta kutsa cikin rayuwar talakan ƙasar nan kamar babur. Shi ke kai malamin makaranta aji, shi ke kai manomi gona da buhun takinsa, shi ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen da mota ba ta shiga. Tun daga shekarar 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirinta na yi wa tattalin arziki garambawul, darajar Naira ta faɗi, mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin haya suka yi ƙaranci, sai matasa suka rungumi sana'ar ɗaukar fasinja a babur, wadda muke kira acaba, 'yan uwanmu na Nijar suke ce mata kabu-kabu, mutanen Kudu kuma okada. Da farko baburan Japan ne, irin su Honda da Yamaha da Suzuki. Daga baya na ƙasar Sin, irin su Jincheng, suka cika kasuwa saboda arha, sa'an nan na Indiya, irin su Bajaj da TVS, suka biyo baya. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, har waɗansu masu motoci sun jingine su sun koma kan babur.

Babu shakka wannan ni'ima ce. Amma da wuya a sami unguwar da ba ta sallaci gawar matashin da babur ya yi ajalinsa ba, ko wadda babu magidancin da ke jan ƙafa da sanda a cikinta saboda shi. In an je gaisuwa sai a ce kwana ne ya ƙare, a yi addu'a, a watse. Ba a tambayar yadda birkin yake, ko tayar ta suɗe, ko mamacin yana sanye da hular kwano, ko wane ne ya koya masa tuƙi. Washegari sai ƙaninsa ya ɗauko wannan babur ɗin, a miƙe masa kai a wurin bakanike, ya hau ya ci gaba daga inda wansa ya tsaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na watan Disamba 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗurran hanya a shekarar 2021, watau fiye da mutum 3,200 a kowace rana. Aƙalla ɗaya cikin kowane biyar daga cikinsu yana kan babur ne ko mai ƙafa uku. Haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace asarar rayuka, duk da ƙarancin ababen hawanta.

IMANI DA ƘADDARA BA YA KORE RIƘO DA SABABI

Imani da ƙaddara rukuni ne daga rukunan imani, kuma babu wani rai da zai wuce lokacin da aka ɗiba masa. Amma malamai magabata ba su taɓa fahimtar wannan a matsayin izinin sakaci ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sanya sulke biyu a ranar Uhudu, kuma ya shiga Makka a shekarar da aka buɗe ta, shekara ta 8 bayan Hijira, da kwalkwali a kansa. Shi ne kuma ya umurci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. To, wane ne a cikinmu ya fi shi tawakkali, da har zai ce kare kai ragin imani ne?

Tsare rai yana cikin manyan abubuwa biyar da malamai irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi suka bayyana cewa Shari'a ta zo domin kiyaye su. Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure diyya da kaffara, kuma kaffarar ga wanda bai sami wuyan da zai 'yanta ba ita ce azumin wata biyu a jere. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas wanda ta yi a ƙasar Burunai a watan Muharram 1414, daidai da Yuni 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, kuma matuƙi yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo, sai fa idan abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon kauce mata, ko kuwa laifin na wani ne. Wanda ya san birkinsa ba ya kamawa, ya goya 'yar mutane a haka, ba shi da wannan uzuri.

LAFIYAR BABUR

Abin da ke haɗa babur da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba a kowace taya. A kan wannan ɗan wuri ne birki da kwana da nauyin mutum biyu suke dogara. Saboda haka taya ce farkon abin dubawa. Matsa ta da yatsa ko harbin ta da ƙafa ba awo ba ne. A auna iskarta da geji a wurin mai faci, da safe kafin ta ɗauki zafi. Galibin ƙananan baburan da muke hawa suna son awo kamar 25 a gaba, 28 a baya, a ƙara zuwa 32 idan za a yi goyo, kuma ainihin adadin yana rubuce a littafin babur. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana zafi, tana lilo a kwana, tana kuma ƙara shan mai. Wadda aka cika ta yi tauri ba ta riƙe kwalta yadda ya kamata. Zanen da ke jikin taya shi ke korar ruwa daga ƙarƙashinta, don haka tayar da ta suɗe takan kayar da mai ita a ruwan farko na damina, lokacin da ƙura da maiƙon da suka taru a kan kwalta tun rani suka jiƙe suka zama santsi. Mai sayen taya ya duba lambobi huɗun da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Idan ya ga 1523, to an yi ta a mako na 15 na shekarar 2023. Roba tana tsufa ko da ba a hau ta ba, musamman a irin zafin ranarmu, kuma wannan shi ne haɗarin tayoyin gwanjo.

Na biyu shi ne birki. Akwai wani mummunan zato da ya yaɗu a tsakanin mahaya, wai birkin gaba kayarwa yake yi, har waɗansu sukan bar wayarsa a tsinke wata da watanni. Gaskiyar magana ita ce idan babur yana tsayawa nauyinsa gaba yake komawa, don haka birkin gaba ne ke ɗauke da kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa. Wanda ya dogara ga birkin ƙafa kaɗai ya zubar da mafi yawan abin da zai cece shi. A riƙa duba fatar birki kafin ta cinye har ƙarfe ya soma cin ƙarfe, a sa wa wayoyi mai, a canja wadda silinta ya fara tsinkewa. Idan hannun birki yana komawa har ya taɓa mariƙi kafin ya kama, to wannan babur bai kamata ya fita ba a ranar.

Na uku ita ce sarƙa. Idan aka ɗaga ta da yatsa a tsakiya, wasanta kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. Wadda ta saki tana iya zamewa ta sarƙe ƙafar baya ana cikin gudu, wadda aka ɗaure tamau kuma tana cin haƙoran da take hawa, tana iya tsinkewa. A wanke ta, a sa mata mai, kuma in za a canja ta a canja ta tare da haƙoranta na gaba da na baya. Murfin sarƙa kuwa, wanda matasa ke cirewa don gayu, shi ke tsare ta daga yashi, shi ne kuma ke tsare tufafin wanda aka goya.

Na huɗu shi ne baƙin mai. Injin ƙaramin babur ba shi da ruwan sanyaya shi, iska da baƙin mai ne kaɗai ke ɗauke masa zafi, kuma abin da yake ɗauka bai wuce kimanin lita ɗaya ba. A duba shi a kan shimfiɗaɗɗen wuri, a yi juye a kan lokacin da kamfani ya ƙayyade, wanda ke aiki da babur wuni guda cikin ƙura kuma ya gaggauta fiye da haka. A guji man da ake aunawa daga jarkar da ba a san asalinta ba, domin injin da ya ƙwame a tsakiyar titi, tirela na biye, ya wuce maganar asarar kuɗi. Haka nan a riƙa wanke matatar iska ko a canja ta, musamman a lokacin hunturu.

Na biyar su ne fitilu da madubai. Ya zama al'ada a sayi sabon babur, kafin a kai shi gida an kwance madubansa an jefa a akwati. Wanda ba shi da madubi dole ya waiwaya, kuma a daƙiƙar da ya waiwaya ba ya ganin gabansa. Danjar baya da ta mutu ƙwai ɗaya take bukata, amma rashinsa ya sa motoci sun bi ta kan mutane da yawa a cikin dare. Duk wannan dubawa, daga taya har zuwa ham, ba ta cin minti biyar bayan sallar Asuba.

A nan muna jan kunnen masu ba da babura haya. Wanda yake karɓar balas kowace yamma, amma ba ya yarda a ajiye babur rabin wuni don gyara, ko ya ƙayyade kuɗin da yaro ba zai iya haɗawa ba sai da gudun ganganci da lodin mutum uku, to ya sani yana da kaso a cikin duk abin da ya biyo baya.

SUTURAR MAHAYI

Karaya tana ɗoruwa, fata tana tofowa, amma ƙwaƙwalwar da ta bugu ba ta komawa yadda take. Raunin kai shi ne babban abin da ke kashe masu babur. Wanda ya yi karo yana gudun kilomita 50 a awa, tamkar ya faɗo ne daga tsawon mita 10, watau kamar daga saman bene mai hawa uku. Hular kwano ta gaskiya abu uku ce: ƙoƙon waje mai tauri wanda ke baza ƙarfin bugu, da soso mai kauri a ciki wanda ke murƙushewa ya shanye bugun a madadin ƙwaƙwalwa, da maɗaurin haɓa. Hular da ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa. Binciken da masana suka tattara, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi aiki da shi, ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kimanin kashi 69.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. A shekarar 1935 wani sanannen hafsan Ingila, T. E. Lawrence, ya mutu sakamakon raunin kai bayan ya faɗi a babur. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya dukufa a kan binciken mutuwar sojoji masu kai saƙo a babur, har rundunar sojan Ingila ta wajabta musu hular kwano a 1941, ƙasar kuma ta wajabta wa kowa a 1973. Ƙasar Biyetnam, wadda take da zafi da miliyoyin babura, ta wajabta ta a kan dukkan hanyoyinta daga ranar 15 ga Disamba 2007, kuma cikin ɗan lokaci mafi yawan mahaya suka saba. A Kigali, babban birnin Ruwanda, ɗan acaba da hula biyu yake yawo, tasa da ta fasinja.

Mu kuwa, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta soma tilasta sanya hular kwano a ranar 1 ga Janairu 2009, sai aka ga waɗansu sun kifa ƙwarya a ka, waɗansu tukunya, waɗansu hular leburorin gini, har kafofin labarai na duniya suka ɗauka suna yi mana dariya. Aka kuma baza jita-jitar cewa ana sa asiri a cikin hula don a sace fasinja. Abin takaici ne a ce al'ummar da aka karantar da ita tauhidi ta ji tsoron tatsuniyar da babu wanda ya tabbatar da ita, ta kuma raina kwaltar da take ganin tana fasa kawuna a gabanta. Ba a jima ba dokar ta yi sanyi, aka koma gidan jiya.

Masu cewa akwai zafi, to akwai huluna masu kafofin iska, kuma fara ta fi baƙa sanyi da saurin ganuwa. Masu ƙyamar sanya hular da wani ya cire, su sa 'yar siririyar hula mai wankuwa a ciki, wanda kullum yake hawa kuma ya mallaki tasa. Mai rawani ko zanna bukar ya sa a jaka, in ya sauka ya mayar. Mutuncinsa ba zai ragu ba. A nemi mai ɗauke da alamar gwajin inganci, irin su ECE ko DOT, mai nauyi da soso mai kauri, wadda ta kama kai ba ta juyawa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba, domin soson ciki ba ya sake tashi.

Bayan kai sai ƙafa da hannu. Silifas ba takalmin hawan babur ba ne, yana zamewa daga kan birki da giya, kuma ba ya tsare yatsu. A sa takalmi sau-ciki, da safar hannu, domin tafin hannu ne ke fara dafa ƙasa. A sa gilashin hula ko tabarau saboda ƙura da ƙwari, da riga mai ɗaukar ido idan an yi dare.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi irin suturarmu. Hannun babbar riga, da bakin zane, da gefen hijabi ko mayafi, duk suna iya shiga cikin wayoyin ƙafar baya ko sarƙa, su fizgo mutum ƙasa ta wuya. Ƙasar Indiya, inda mata ke sanya tufafi masu jan ƙasa, ta wajabta wa kamfanoni sanya ragar ƙarfe a gefen ƙafar baya saboda wannan. Maganin abin a wurinmu shi ne a bar murfin sarƙa da ragar a inda suke, 'yar uwa ta tattara hijabinta ta riƙe a kan cinya ba tare da ta bayyana jikinta ba, mahayi kuma kada ya tashi sai ya duba. Yaron da ƙafarsa ba ta kai matakin ƙafa ba, wayoyi na iya cin diddigensa, salansa kuma na iya ƙona shi. Jera yara huɗu ko biyar a babur ɗaya zuwa makaranta, ɗaya a kan tanki, caca ce da rayukan da aka ba mu amana.

KOYON TUƘI

Yawancinmu a filin ƙwallo muka ga ana koyon babur: yamma ɗaya, aboki ya nuna kuloci da giya da totur, washegari a shiga kasuwa. Wannan koyon tayar da babur ne. Tsayar da shi cikin gaggawa, da karanta hanya, su ne ilimin, kuma su ne ba a koyarwa. A shekarar 1981 wani masani mai suna Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da sakamakon binciken haɗurran babur 900 a yankin Los Anjeles na Amurka. Ya gano cewa kashi 92 cikin 100 na mahayan da abin ya shafa, da kansu suka koya ko a wurin 'yan uwa da abokai. Kimanin kashi uku cikin huɗu na haɗurran karo ne da wani abin hawa, sau da yawa a mahaɗar hanya, inda direba bai ga babur ba. Lokacin da mahayi ke samu don kauce wa haɗari bai cika daƙiƙa biyu ba, kuma galibinsu sukan danne birkin baya har taya ta ja, su bar na gaba. Shekaru sun wuce, ƙasar ma daban ce, amma duk wanda ya tsaya a shataletalen garinsa zai ga waɗannan kurakurai da idonsa.

Ya kamata kowane mahayi ya san lissafin gudu. Mai gudun kilomita 60 a awa yana shafe kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, tun kafin hannunsa ya kai ga birki. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata yana ninkawa sau huɗu. Ya kamata ya koyi kama birki biyu tare, yana matsa na gaba a hankali yana ƙarawa, ba fizga ɗaya ba, ya kuma maimaita wannan a fili har ya zame masa jiki. Ya rage gudu kafin ya shiga kwana. Ya bar tazarar aƙalla daƙiƙa biyu tsakaninsa da na gabansa, ya ƙara idan ana ruwa. Ya sani cewa direban tirela ko tifa ba ya ganin abin da ke dab da gefensa, kuma idan babbar mota za ta sha kwana ƙafafunta na baya suna yanke hanya, don haka kutsawa ta damanta hanyar kabari ce. Idan ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.

Sauran abubuwan kowa ya san su: bin hannun da ba naka ba don gudun zagaye, da ƙetare danja, da amsa waya ana tafiya, da gudun da ake yi gab da buɗa baki a watan azumi, da wasan ganganci a rakiyar amarya da ranakun Salla da tarukan siyasa. Tawagar zuwa wa'azi ma ba a ɗauke mata dokar hanya ba, hasali ma ita ta fi cancanta ta zama abin koyi. Shan ƙwayoyi irin su tiramadol don a jure wuni a kan babur haramun ne ta fuska biyu, ga gusar da hankali ga jefa rayukan mutane cikin haɗari. Doka ta ce sai ɗan shekara 18 zai karɓi lasin, kuma lasin babur shi ne rukunin A. Uban da ya miƙa wa ɗan shekara 12 makulli don ya sayo masa kati, shi za a fara tambaya.

Idan haɗari ya auku, a daina taruwa ana ɗaukar hoto. A tsare wurin daga motoci masu zuwa, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a fizge hular kwano ko a ɗauki mutum kamar buhu, domin wuyan da ya tsage yana iya ƙarasa karyewa a hannun masu taimako. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. A kira lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ta asibiti ce, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, domin ɗaurin da ya matse jijiya har jini ya daina gudu yana kai wa ga yanke ƙafa.

HANI KAƊAI BA YA KOYAR DA KOWA

Gwamnatoci sun fi sanin hanya ɗaya, ita ce hani. An hana acaba a tsakiyar Abuja a 2006, an hana babura a Maiduguri a 2011, an hana acaba a Kano a watan Janairu 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, an hana babura a yankin Diffa na Nijar a 2015, Legas kuma ta hana okada a manyan sassanta a 2020 da 2022. A waɗansu wuraren dalilin tsaro ne, a waɗansu haɗurra da rashin bin doka. Dubban magidanta sun rasa abincinsu, amma jama'a da yawa ba su taya su kuka ba, saboda abin da suka daɗe suna gani na ganganci. Wannan darasi ne ga masu sana'ar: wanda bai tsabtace sana'arsa da kansa ba, wata rana za a rufe masa ita. Darasi ne kuma ga hukuma, domin hani bai taɓa koya wa kowa kama birki ba, kuma miliyoyin masu hawan babur na kansu suna nan a kan hanya.

KIRANMU

Na farko, muna kira ga limamai da masu wa'azi da su ware huɗuba da darasi a kan haƙƙin hanya da hukuncin kisan kuskure, da misalan da mahaya za su gane.

Na biyu, muna kira ga rassanmu da 'yan agajinmu da su shirya bita a filayen makarantunmu, a gayyato jami'an kiyaye haɗurra da ƙwararrun makanikai da ma'aikatan jinya, a koyar da duba babur da kama birki da taimakon farko a aikace. Duk ɗan agajin da zai hau babur a cikin aikin ƙungiya, ya hau da hular kwano a ɗaure da madubai biyu.

Na uku, muna kira ga mawadata da 'yan siyasa masu rabon babura da su haɗa kowane babur da hula biyu masu inganci da kuɗin lasin. Kyautar babur ga yaron da bai iya ba, ba taimako ba ne.

Na huɗu, muna kira ga ƙungiyoyin 'yan acaba da kada aikinsu ya tsaya ga yankan tikiti. Su hana wanda ba shi da birki ko fitila ɗaukar fasinja a tasharsu, su kuma kori mai shaye-shaye.

Na biyar, muna kira ga hukuma da ta sauƙaƙe lasin, ta sa gwajinsa ya zama na gaskiya, ta hana shigo da hulunan bogi da tayoyin da suka tsufa, ta cike ramukan hanya, ta kuma hukunta jami'in da ya mayar da dokar hular kwano hanyar karɓar na goro.

Na shida, muna kira ga fasinja, maza da mata: kuɗinka ne, ranka ne. Ka duba babur kafin ka hau, ka ce a rage gudu, in an ƙi ka sauka.

Daga ƙarshe, ya kai ɗan uwa mai babur, addu'ar hawa abin hawa da kake karantawa kowace safiya godiya ce ga wanda Ya hore maka shi, kuma cikar godiya ita ce ka kula da abin da aka hore maka. Kuɗin fatar birki da ƙwan fitila ba su kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba, balle diyyar rai. Wanda ka goya uban wasu ne, ko uwar wasu, kuma za a tambaye ka a kansa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sa mu zama masu riƙon amana.